Bin Layi, Kama Gurbi ko Biyan Kuɗi: Yadda Za a Zaɓi Hanyar Rage Jira a Manyan Wuraren Shaƙatawa

Duk wanda ya ƙudiri aniyar kai iyalinsa ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawa na duniya, irin su Disneyland da ke Kalifoniya, ko Universal da ke Orlando, ko Europa-Park da ke Jamus, zai tarar cewa sayen tikitin shiga ba shi ne ƙarshen shawara ba. A yawancinsu, kafin ya kammala biya za a tambaye shi ko yana son ƙarin wani tikiti da zai rage masa tsayuwa a layin hawa lilo, wato na'urorin wasa da ake hawa a wurin, kuma a wasu ranaku kuɗin wannan ƙarin yakan kamo kuɗin shigar, wani lokaci ma ya zarce shi. Idan ya ƙi saya, yana fargabar yini a tsaye cikin rana yara suna ƙorafi. Idan kuwa ya saya, yana fargabar ya zubar da kuɗi a kan abin da sammako kaɗai zai ba shi kyauta. Bahaushe ya ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, amma a wannan fage maganar ba kullum take tabbata ba, domin akwai ranakun da mai sammako yake gaba da mai kuɗi nesa ba kusa ba.

Abin da ke haifar da layin

Kowane lilo yana da iyakar mutanen da zai iya ɗauka cikin awa ɗaya, kuma abubuwa uku ne suke yanke wannan adadi: yawan kujeru, da tazarar da ke tsakanin tashin jirgi ɗaya da na bayansa, da lokacin da ma'aikata ke ɗauka wajen sauke mutane, su zaunar da wasu, su duba ko kowa ya ɗaure. Inda manyan kwale-kwale ke bin juna ba ƙaƙƙautawa, kamar lilon Pirates of the Caribbean na Disney, ana iya ɗaukar mutum kusan 3,000 a awa. Inda kujerun suke a sarƙe da juna suna tafiya ba tsayawa, kamar Haunted Mansion, shi ma na Disney, adadin yakan haura 2,000. Lilon yara mai juyawa kuwa, wanda dole ya tsaya cak kafin kowa ya sauka ko ya hau, 'yan ɗaruruwa kawai yake ɗauka, shi ya sa ɗan gajeren layi a gabansa yake cin lokaci fiye da yadda ido ya ƙiyasta.

Lissafin jira ba shi da wuya, kuma tun a 1961 wani masani Ba'amurke mai suna John Little ya tabbatar da ƙa'idarsa: a raba yawan mutanen da ke layi da yawan waɗanda ake sallama a awa, abin da ya fito shi ne tsawon jiran. A ƙaddara lilo yana ɗaukar mutum 1,500 a awa. Idan mutum 1,500 ne a gabanka, awa guda za ka yi. To amma idan aka buɗe wata ƙofa ta musamman aka ba ta kashi biyu cikin uku na kujerun, layin kowa da kowa zai koma sallamar mutum 500 kacal a awa, ta yadda ko da mutum 500 ne kawai a gabanka, awa gudan nan dai za ka yi. Wannan shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Babu wani tsari cikin waɗanda za a ambata da ke ƙara ko kujera ɗaya. Abin da kowannensu yake yi shi ne sake raba jiran: wa zai jira, a ina zai jira, da kuma abin da zai bayar a madadin jiran, ko kuɗi ne, ko barcin asuba, ko zama kusa da iyalinsa, ko 'yancin yawo ba tare da duba agogo ba.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne kuɗi, kuma dole a lissafa shi a kan kowane kai da kowace rana, domin dala 30 da ba ta da nauyi ga mutum ɗaya takan zama dala 600 ga iyali mai mutum 5 a ziyarar kwana 4. Na biyu shi ne ɗorewa, wato ko amfanin hanyar yana kaiwa har dare ko yana ƙarewa da hantsi, da kuma ko za a tarar da ita yadda aka san ta idan aka dawo baɗi. Na uku shi ne sauƙi: shin tana buƙatar waya da caji da intanet da shiri tun daga gida, ko nuna tikiti kawai ya wadatar? Na huɗu shi ne kasada, wato abin da za a yi asara idan lilo ya lalace, ko aka yi ruwan sama, ko gurabe suka ƙare, ko kuma aka tarar wurin babu jama'a bayan an riga an biya.

Akwai ma'auni na biyar da ba ya shiga lissafin kuɗi, shi ne yadda jiran yake a rai. A 1985 wani masanin harkokin kasuwanci mai suna David Maister ya bayyana wasu ƙa'idoji da masu kula da layi suke aiki da su har yau: jiran da mutum ba ya yin komai a cikinsa ya fi tsawo a zuciya, haka ma jiran da ba a san ƙarshensa ba, kuma jiran da ake ganin babu adalci a cikinsa ya fi wanda ake ganin adalci a cikinsa tsawo. Minti 40 a ɗaki mai sanyi da abubuwan kallo ba ɗaya ba ne da minti 40 a rana mutum yana kallon wasu suna wuce shi ta ƙofar gefe.

Layin kowa da kowa, tare da sammako da zaɓen rana

Wannan ita ce hanya ta asali, kuma ba ta cin ko sisi bayan kuɗin shiga. Ba ta buƙatar manhaja, ba ta ƙarewa, ba a canza mata suna duk shekara, don haka ta fuskar ɗorewa babu kamarta. Manyan wurare sun kashe kuɗi sosai wajen sassauta ta: suna lanƙwasa layin don kada a ga tsawonsa, suna ƙawata hanyar da labarin lilon, suna shigar da mutane ɗakin gabatarwa kafin hawa, kuma a 2012 Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen Walt Disney World da ke Florida, ya ninka lilon Dumbo gida biyu ya gina masa tanti mai sanyi inda yara ke wasa har a kira su. Allon da ke ƙofa yana nuna tsawon jira, kuma sau da yawa adadin da aka rubuta yakan ɗan fi abin da za a yi a zahiri, domin wanda aka ce masa minti 60 ya hau a minti 45 yakan fito da fara'a.

Ƙarfin wannan hanya yana cikin lokacin da aka yi amfani da ita. Wanda ya iso ƙofa minti 45 ko awa guda kafin a buɗe, ya riga ya wuce binciken jakunkuna, ya kuma san lilon da zai nufa da farko, yakan hau manya biyu ko uku kafin jama'a su cika, abin da zai ci masa awa uku ko huɗu da tsakar rana. Haka kuma awa ta ƙarshe kafin rufewa, da lokacin faretin rana ko wasan wuta na dare, layuka sukan ragu, kuma a wurare da yawa duk wanda ya shiga layi kafin lokacin rufewa za a bar shi ya hau. Zaɓen rana ma ya fi duk waɗannan tasiri. Ranar Talata a tsakiyar zangon karatu da ranar Asabar a makon Kirsimeti kamar wurare biyu ne daban, kuma tun da manyan wuraren suka koma sayar da tikiti bisa kwanan wata, ranar da ba cunkoso ita ce kuma mafi araha.

Raunin hanyar shi ne amfaninta yana da gajeren zango. Bayan awa biyu na farko, mai sammako ya koma daidai da kowa, ga gajiyar tashin asuba a kansa. Sannan wasu wuraren sun mayar da sammakon kansa haja: Walt Disney World yana barin masu kwana a otal-otal ɗinsa su shiga minti 30 kafin kowa, Universal kuma har zuwa awa guda, wanda ke nufin mai kwana a waje zai iya tarar da layi ya riga ya taru a lilon da ya fi so. Babbar kasadar ita ce lalacewar na'ura, domin wanda ya yi minti 70 a tsaye aka ce lilo ya tsaya, sau da yawa ba shi da abin da za a biya shi da shi.

Layin mai hawa shi kaɗai

Idan kujeru uku ne a jere kuma mutum biyu suka zo tare, kujera ɗaya za ta tafi wayam sai dai idan akwai wanda zai cike ta. Don haka wasu lilo, irin su Test Track da Expedition Everest a Florida da Radiator Springs Racers a Kalifoniya, suke da layi na daban ga wanda ya yarda a zaunar da shi duk inda aka samu gurbi. Kyauta ne, ba ya buƙatar waya, kuma shi kaɗai ne cikin waɗannan hanyoyi wanda ba ya tauye wa kowa haƙƙi, tunda kujerar da za ta tafi a banza ake cikewa. Abin da ake bayarwa shi ne zama tare, domin abokai za su bi layin tare amma a raba su a wurin hawa, kuma ba a karɓar ƙananan yara. Ba kowane lilo ke da shi ba, babu alkawarin tsawon jira, ana iya rufe shi ba sanarwa, kuma yakan bi ta bayan gini ya tsallake ɗakunan gabatarwa da aka ƙawata, wanda asara ce ga mai zuwan farko.

Kusa da shi akwai tsarin musayar iyaye, inda uba zai hau uwa ta riƙe jaririn da bai kai tsawon da aka ƙayyade ba, sannan su yi canji ba tare da ta sake bin layi daga farko ba. Shi ma kyauta ne, sai dai a nemi ma'aikacin ƙofa tun kafin a shiga.

Kama gurbi kyauta

A nan ne tarihin ya fi yawa, kuma sanin sa yana taimaka wa mai zaɓi ya gane dalilin da ya sa shawarar da wani ya ba shi shekara biyar da suka wuce ba za ta yi aiki yau ba. A 1999 Disney ya fito da FastPass: mutum ya sa tikitinsa a wata na'ura kusa da lilo, ta ba shi takarda mai ɗauke da lokacin da zai dawo, ya tafi harkarsa, idan lokaci ya yi ya shiga ta gajeren layi. Babu ƙarin kuɗi, kuma kowa yana da dama iri ɗaya. Daga 2013 zuwa 2014 aka mayar da shi FastPass+ a Florida, inda ake kama gurabe uku ta intanet tun kwana 60 kafin zuwa ga masu kwana a otal ɗin kamfanin, kwana 30 ga saura, abin da ya sa wanda bai shirya da wuri ba yake tarar da mafi kyawun gurabe sun ƙare. Annobar korona ta dakatar da tsarin a 2020, kuma bai sake dawowa a matsayin kyauta ba.

Abin da ya rage na kyauta a yau iri biyu ne. Akwai na ganin dama, kamar VirtualLine na Europa-Park, inda mutum zai kama lokaci a manhaja ga wasu lilo yayin da layin tsayuwa yake nan ga mai so. Akwai kuma na dole, wanda ake sa wa sabon lilon da kowa ke rububinsa, inda babu layin tsayuwa kwata-kwata. Dalilinsa a bayyane yake: ranar da Universal ya buɗe lilon babur na Hagrid a watan Yunin 2019, an ba da rahoton mutane sun jira har awa 10. Da Disney ya buɗe lilon Rise of the Resistance a Florida a watan Disamban wannan shekara, sai ya raba mutane rukuni-rukuni ta manhaja, kuma daga baya aka tsayar da ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 1 na rana a matsayin lokutan rabon gurabe. A ranaku da yawa guraben safe sukan ƙare cikin daƙiƙu.

Ta fuskar kuɗi babu abin cewa, kuma jiran da ake yi a inuwa ko a wurin cin abinci ya fi na tsayuwa daɗi. Amma kasadarsa ta fi ta kowace hanya zafi, domin a layin tsayuwa haƙuri yana kai mutum ga hawa komai daɗewa, a nan kuwa saurin yatsa da ƙarfin intanet ne suke yanke hukunci, kuma iyalin da suka tsallaka teku saboda lilo ɗaya suna iya rasa shi tun ba su fito daga ɗakin kwana ba. Ɗorewarsa ma kaɗan ce, tunda akan janye shi da zarar rububi ya lafa, kamar yadda aka janye na Rise of the Resistance a Florida a 2021. Akwai wani lahani da ba a cika lura da shi ba: wanda ya kama gurbi ta waya bai ɓace daga wurin ba, yakan je ya tsaya a wani layin, ta yadda mutum ɗaya yake cikin layi biyu a lokaci guda, sauran layuka da hanyoyi kuma su ƙara cika.

Kama gurbi da kuɗi

A watan Oktoban 2021 Walt Disney World ya fito da Genie+, tsarin kama gurbi ta manhaja, a kan dala 15 ga kowane mutum a rana, Disneyland kuma ya bi sahu a watan Disamba a kan dala 20. Ba a daɗe ba farashin ya koma hawa da sauka bisa cunkoso, har ya kai dala 39 a Magic Kingdom a ƙarshen 2023. A watan Yulin 2024 aka sake masa fasali da suna, ya zama Lightning Lane Multi Pass, wanda a Florida yake ba mutum damar zaɓen lilo uku kafin ranar zuwa, kwana 7 ga masu kwana a otal ɗin kamfanin, kwana 3 ga saura, sannan duk lokacin da ya yi amfani da gurbi ɗaya ya kama wani. Lilo ɗaya ko biyu da suka fi farin jini a kowane fili ba sa cikin wannan kunshi, sai a saye su daban da Single Pass, daga kusan dala 10 zuwa sama da 25 kowane hawa. Disneyland na Faransa ma ya soke FastPass a 2021 ya kawo Premier Access, inda ake biyan kowane lilo daban, Disneyland na Tokyo kuma ya bi a 2022.

A da, wuraren shaƙatawa na kamfanin Six Flags na Amurka sun daɗe suna amfani da wani salo na daban mai suna Flash Pass, wanda wani kamfanin Ingila ya ƙera fasaharsa. A lokacin, a matakinsa na ƙasa mutum yana jira daidai tsawon layin tsayuwa, sai dai ba a tsaye ba, manyan matakan kuma suna rage jiran gwargwadon abin da aka biya.

A ganina wannan rukuni ne ya fi yaudarar mai saye, ba don ba ya aiki ba, sai don abin da ake sayarwa dama ce ta neman gurbi, ba tabbacin samu ba. Wanda ya iya manhajar, ya san lilon da gurabensa ke fara ƙarewa, yana kuma duba wayarsa a kai a kai, zai iya cin riba mai yawa da kuɗi matsakaici. Wanda bai iya ba zai biya kuɗi ɗaya da shi, ya ƙare da gurabe biyu ko uku a lilon da dama ba su da layi. Kowane gurbi yana da tazarar awa guda da za a iso a cikinta, kuma wannan yakan sa iyali su yi ta zarya daga wannan kusurwa zuwa waccan, mutum ɗaya a cikinsu kuma ya yini kansa a sunkuye kan waya maimakon ya kalli wurin da ya biya kuɗi ya zo gani. A gefe guda, kariyarsa daga lalacewar na'ura ta fi ta layin tsayuwa, domin idan lilo ya tsaya a lokacin gurbinka akan ba ka wani da za ka yi amfani da shi daga baya. Ta fuskar ɗorewa kuwa, tsarin da ya sauya suna da ƙa'ida sau da dama tsakanin 2013 da 2024 ba abin da za a dogara da tsohon bayani a kansa ba ne, dole a karanta ƙa'idojin shekarar da za a je.

Tikitin wucewa kai tsaye

Wannan shi ne mafi sauƙin fahimta: ka biya, ka je kowane lilo a lokacin da ka ga dama, ka nuna tikiti, ka bi ta gajeren layi. Universal Express ne ya fi shahara a nan, kuma iri biyu ne, mai ba da hawa sau ɗaya a kowane lilo da wanda ba shi da iyaka. Wurin shaƙatawa na Cedar Point da ke jihar Ohio a Amurka da 'yan uwansa na kamfani ɗaya suna da Fast Lane, wanda abin ɗaurawa ne a hannu, tare da wani mataki na sama da ya haɗa da lilon da suka fi jan jama'a. Disney ya shigo wannan fage a watan Oktoban 2024 da Premier Pass, wanda ya fara a kan dala 129 zuwa 449 a Florida gwargwadon fili da rana, da dala 400 a Kalifoniya, kuma hawa ɗaya yake bayarwa a kowane lilo.

Iya kuɗinka iya shagalinka. Babu tashin asuba, babu duba agogo, babu dogaro da caji, kuma amfaninsa yana kaiwa daga safe har dare. Tsadarsa ce ma take sa shi aiki, domin da zai yi araha kowa ya saya, da gajeren layin ya zama dogo, shi ya sa ake ƙayyade adadin da ake sayarwa kuma yakan ƙare a ranakun hutu. Kasadarsa ta kuɗi ce zalla. Wanda ya saya tun daga gida ya tarar da ranar babu jama'a ya yi asara, haka ma idan hadari ya sa aka rufe lilon da ke fili, abin da ke yawan faruwa da yammacin damina a Florida, kuma yawanci ba a mayar da kuɗi. Ya kamata kuma a duba jerin lilon da tikitin ya ƙunsa, saboda akan cire sabon lilo daga ciki na wani lokaci, wato ainihin wanda aka fi buƙatar sa a kansa.

Akwai wata dabara da ta cancanci lissafi. Otal uku na Universal a Orlando, wato Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna ba duk wanda aka rubuta sunansa a ɗaki Express marar iyaka ba tare da ƙarin kuɗi ba, har da ranar shiga da ranar fita, ta yadda kwana ɗaya yake ba da amfanin yini biyu. Ga iyali mai mutum 4 a lokacin cunkoso, kuɗin ɗakin zai iya gaza kuɗin tikiti 8 da za su saya daban. Sai dai wannan rangwame bai shafi Epic Universe, filin Universal da aka buɗe a Orlando a watan Mayun 2025, ba.

Jagora na musamman da daren 'yan kaɗan

A ƙololuwa akwai hayar ma'aikacin da zai zagaya da ku ya shigar da ku ta gajerun ƙofofi. A Walt Disney World farashinsa a 2024 ya kasance tsakanin dala 450 da 900 a awa, mafi ƙaranci awa 7, ga mutanen da ba su wuce 10 ba, kuma ban da kuɗin shiga. Ba shi da wata wahala ko kasada sai kuɗin. Wanda ya fi shi dacewa da aljihun yawancin mutane shi ne tikitin dare, inda ake sayar wa mutane ƙalilan damar zama kamar awa 3 bayan an rufe. Layuka gajeru ne ƙwarai, amma lokacin kaɗan ne, ba kowane dare ake yi ba, kuma ƙananan yara ba sa kai wa.

Masu buƙata ta musamman suna da nasu tsarin na kyauta a mafi yawan wurare, wanda ke ba su lokacin dawowa daidai da tsawon layi. Disney ya tsaurara sharuɗɗan nasa a 2024, don haka a nemi izini tun kafin tafiya.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|
| Layin kowa da sammako | Babu ƙari | Kullum yana nan, ribarsa ta safe da dare ce | Tashin asuba da juriyar tsayuwa | Lilo ya lalace bayan dogon jira |
| Mai hawa shi kaɗai | Babu ƙari | A wasu lilo kaɗai | Mai sauƙi ƙwarai | Rabuwa da abokan tafiya |
| Gurbi kyauta | Babu ƙari | Akan janye shi | Waya da saurin hannu | Rasa lilon gaba ɗaya |
| Gurbi na kuɗi | Matsakaici | Ƙa'idoji na yawan sauyawa | Shiri da yawan duba waya | Biya ba tare da samun gurbi mai kyau ba |
| Wucewa kai tsaye | Mai tsada | Safe zuwa dare | Nuna tikiti kawai | Saye a ranar da ba a buƙata |
| Jagora ko tikitin dare | Mafi tsada, ko matsakaici | 'Yan awoyi | Babu wahala | Kuɗi mai yawa, ko ƙarancin lokaci |

Wace ta dace da wa

Wanda yake da kwana uku ko fiye, kuma yana da ikon zaɓen lokacin da makarantu suke karatu, bai kamata ya sayi komai tun daga gida ba. Ya yi sammako, ya huta da tsakar rana, ya dawo da yamma, idan kuma wani lilo ɗaya ya gagara, ya sayi gurbinsa shi kaɗai. Matasa da manya da suka zo don hawa lilo masu gudu ba don hoton iyali ba, layin mai hawa shi kaɗai tare da awa ta ƙarshe zai ba su kusan abin da mai tikiti mai tsada yake samu.

Iyali mai ƙananan yara lamarinsu daban ne. Yawancin lilon da tikiti mai tsada ke rage wa layi yaran ba su kai tsawon hawansu ba, don haka a fara auna tsawon kowane yaro a gwada da jerin lilon kafin a biya. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne gurbi na kuɗi mai matsakaicin farashi a kan lilon yara masu jinkirin sallama, tare da musayar iyaye, muddin akwai babba ɗaya da ya yarda ya ɗauki nauyin wayar. Idan akwai tsofaffi ko wanda tsayuwa ke wahalar da shi, duk hanyar da ke mayar da jira zuwa wurin zama ta fi wadda ke rage mintuna kawai.

Wanda kuwa yini ɗaya tak gare shi, a makon hutu, bayan ya kashe kuɗin jirgi da masauki, shi ne wanda tikitin wucewa kai tsaye ya fi dacewa da shi, domin a wurinsa kowace awa a layi ta fi kuɗin tikitin tsada. Idan Universal zai je da mutum uku ko huɗu, ya gwada kuɗin tikitin da kuɗin kwana ɗaya a otal ɗin da ke bayar da shi. Idan ranar ba ta hutu ba ce kuma yana kokwanto, ya shiga tukuna ya duba allunan jira na awa guda, tunda a wurare da yawa ana iya sayen tikitin daga ciki matuƙar bai ƙare ba. Ƙungiya mai mutum 8 zuwa 10 da za su raba kuɗi a tsakaninsu su kaɗai ne ya kamata su tsaya lissafin jagora na musamman. Wanda kuma sabon lilo ɗaya ne ya kawo shi, ya tabbatar tun kafin ya sayi tikitin jirgi ko ana rabon gurbinsa ta manhaja, ya saukar da ita ya haɗa sunayen duk abokan tafiyarsa tun dare, kuma ya ware wa filin kwana biyu don ya samu damar sake gwadawa idan ta farko ta kuɓuce.